Wace agwagwa ce wannan a tafkin Madarunfa, kuma ina take zuwa in zafi ya shigo?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kar a yi mini dariya. Ranar Juma'a na raka wani abokina Madarunfa, kusa da Maraɗi, gaisuwar rasuwa, dare ya yi mana muka kwana. Da aka sallame asuba na gangara bakin tafki ina miƙe ƙafa, sai na ga wasu ƙananan agwagi a kan ruwa, sun fi ɗari, ba su kai kirinjijiya tsawo ba. Wasunsu suna da farin zane tun daga saman ido har ƙeya, kamar an shafa musu alli da yatsa. Na zaro salula na ɗauka, ga hoton nan na sa, kun dai ga abin da ya fito: ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje a kan fura. Wani tsoho da ke gyaran komarsa ya ce mini, yaro ƙara kallo, nan da wata guda ko ɗaya ba za ka gani ba. To mene ne sunansu, kuma ina suke zuwa? Na biyu, akwai dabarar da mai waya irina zai yi ya samu hoton kirki, ko sai mai babbar kyamara?

Mai_Shayi_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni dai ƙudajen na gani, furar ma na gani, agwagin ne ban gani ba 😂

Malama_SVT:
Hoton bai nuna komai ba, amma bayaninka ya wadatar. Agwagwa ɗaya ce ke zuwa mana da wannan farin zanen a ka. Faransawa suna ce mata sarcelle d'été, wato agwagwar lokacin zafi, don su a lokacin zafinsu suke ganin ta. Masu zanen maza ne, kuma yanzu cikin Fabrairu zanen ke fitowa sosai saboda lokacin neman mata ya gabato. Matan launin ƙasa ne gaba ɗaya, shi ya sa ka ce wasunsu kawai ke da shi. A Turai da ƙasar Rasha take yin ƙwai. Tana iso mana bayan damina, wajen Oktoba, ta tashi cikin Maris. In ka koma ka kasa kunne: namijin ba ya kuka irin na agwagwar gida, wata busasshiyar ƙara yake yi kamar ka ja farce a kan haƙoran mataji.

Masuncin_Tabki:
Gaskiya Malama ta hwaɗi. Wagga agwagwa mun san ta tun muna yara. Mu dai agwagwar ruwa muke ce ma duk ƙananan, kirinjijiya da dinya kaɗai muka ware ma suna. Kirinjijiya tamu ce, ko da damina tana nan tana hito da ɗiya. Wagga ko ba wanda ya taɓa ganin ƙwanta ko ɗanta, ko kakana bai gani ba. Da iska ta juya, dare guda sai ka tashi ka ga ruwa wayam.

Bakatsine_77:
Haba Malama. Agwagwa daga Rasha? Wadda ba ta kai rabin kilo ba? Mota ma sai da ganga-gangar ruwa take shiga hamada daga Agadas, wani lokacin ma a rasa ta. Ni a ganina tafkin Cadi suke komawa ko wani dam a Najeriya in ruwan nan ya ja baya. Turawa komai suka gani sai su ce nasu ne.

Tsohon_Gandu:
Ɗana Bakatsine, shakkar da ka yi ba aibi ba ce, su kansu Turawan sun daɗe cikinta. Akwai lokacin da malamansu ke cewa tsattsewa cikin laka take nutsewa ta kwana har sanyi ya wuce. Abin da ya fara buɗe musu ido ya faru a 1822, a kusa da wani gari da ake kira Klütz a arewacin Jamus. An harbo wata farar shamuwa irin tasu, sai aka tarar da mashi na Afirka, mai tsawon kusan santimita 80, ya huda wuyanta ya tsaya. Da shi ta tashi daga nan nahiyar har can. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock da mashinta a wuya. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Danmak mai suna Mortensen ya soma sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya kama ya aiko da labari. Da irin waɗannan zobba aka gane hanyoyinsu, yanzu kuma har ƴar na'ura ake ɗaura musu a baya tana nuna inda suka kwana.

Batun ruwa kuwa, kitse ne guzurinsu. Shi ya sa a watan nan ba abin da suke yi sai ci. Ƙananan tsuntsayen ma, irin masu nauyin akwatin ashana biyu, wasu sai sun kusa ninka nauyinsu kafin su tunkari Sahara. Kitsen nan in ya ƙone a jiki yana ba su ƙarfi, yana kuma ba su ruwa. Da yawansu da dare suke tafiya. Na yi shekaru ina bin masu ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane Janairu, abin da ido ya gani nake faɗa maka.

Masuncin_Tabki:
Baba kun tuna mini. Ina yaro mahaihina ya taɓa ciro wani tsuntsu mai dogon baki cikin raga, da zobe ga ƙahwa da rubutun boko. Gidan duk aka tsorata, wasu na cewa na aljannu ne, tunda kun san tabkin ga da kaburburan waliyyai 99 da ake hwaɗi, komi aka gani sai a ce ishara ce. Ƙarshe kakata ta ɗaure ma ƙanena shi ga wuya tare da laya. Ya ɓace tuni.

Tsohon_Gandu:
Kash. Da wannan lambar ta isa hannun masu ita, da sun gaya muku garin da aka sa masa da shekarar. Duk wanda ya sake samun irinsa, ya ɗauki hoton rubutun duka, zagaye, ya rubuta rana da wurin. Sunan ofishin da ya sa zoben yana jiki.

Mai_Shayi_Zariya:
Gara ku da kuka ce aljani. A Masar a 2013 wani ya kama shamuwa da na'ura a bayanta ya kai ta wurin ƴan sanda wai ƴar leƙen asiri ce, har aka kulle ta.

Bakatsine_77:
To na ji ta shamuwa da mashi. Amma wannan ƙaramar agwagwar sai na ga zobenta da idona.

Mai_Hoto_AliDanSofo:
Bari in taɓa tambaya ta biyu tunda an bar ta a baya. Ƙanena Ɗan_Bagalam, laifinka uku a hoton nan. Ka fuskanci gabas, rana tana fitowa a gabanka, dole komai ya zama baƙi. Ka ja hoton da yatsa har ƙarshe, wannan jan ba ya kusanto da komai, fasa hoton kawai yake. Sannan a tsaye kake, kuma na tabbata da farar riga.

Tsuntsun ruwa ba a bin sa. Kai za ka riga shi zuwa. Ka isa tun da sauran duhu, ka zaɓi gefen da rana za ta fito ta bayanka, ka zauna ƙasa jikin wani kututture ko kwalekwalen da aka kife, da tufa mai launin ƙasa, ka yi shiru. Minti ashirin, talatin, za su manta da kai. Babban maƙiyinka a wurin zakaran ƙeƙuwa ne: in ya gan ka kana tafe zai tashi yana tsala ihu a kanka har kowa ya watse. In ka zauna shi ma yakan gaji.

Lokaci: daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara. Bayan haka hasken ya yi tsauri, ga tururin zafi da ke tashi daga ƙasa yana karkaɗa hoto ko da kyamarar miliyan ce. Ranar da aka tashi da hazo mai kauri kar ka wahalar da kanka da na nesa, toka za ka kwaso. Amma siririn hazo alheri ne, yana tausasa rana, farin balbela ya fito da gashinsa ɗaya-ɗaya maimakon ya ƙone.

Ga mai waya, dabara ɗaya ce ta gaskiya: ka samu madubin hangen nesa, jumel ɗin nan, ko aro ne, ka ɗora idon wayar daidai kan idonsa guda, ka jingina gwiwar hannu a kan gwiwa. Da farko za ka ga baƙin zobe kewaye da hoton, ka ɗan ja kaɗan ya tafi. Goma za su lalace, ɗaya ya yi kyau. Masu kyamara kuwa, in tsuntsu na tashi kar saurin ɗauka ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, kuma don Allah kar a canza gilashi a fili cikin iskar nan. Na yi sau ɗaya a bakin Gulbi, wata biyu ina ganin ɗigon ƙura a kowane hoton biki da na ɗauka.

Ɗan_Bagalam:
Yaya wallahi kamar kana wurin. Farar shadda ce, ta gaisuwa. Na gode ƙwarai.

Hajiya_Mai_Zogale:
Ni kam ban ga abin da zai kai ni kilomita ashirin da ƴan kai neman tsuntsu ba, alhali suna zuwa har tsakar gidana. Tun da sanyi ya fara sauka na sa yara suka ajiye mini kasko a gindin lemu, na sa dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa, ruwan bai fi zurfin gaɓar yatsa ba. Kullum da safe a zubar a sake, saboda sauro. Yanzu in na idar da walaha sai in zauna daga ƙofar ɗaki. Kurciya ce ke fara zuwa, sai baiwar Allah su zo garke guda, jajayen mazan da matansu, sai gwara masu rigima. Hasbiya daga kan katanga take leƙe, sai kowa ya tafi take sauka. Akwai wani ɗan mitsitsi mai kore da rawaya, da dogon wutsiya kamar tsinke biyu, shi ba ruwansa da kasko, furen zogale yake bi. Jikata ta ɗauke shi da wayarta ta tagar kicin ya fito tsaf, don bai fi taku uku da ita ba.

Mai_Hoto_AliDanSofo:
Hajiya kun gama magana. Wanda ke son koyo ya fara da kaskon gida kafin tafki. Ku dai matsar da shi nesa da inda kyanwa za ta laɓe.

Hajiya_Mai_Zogale:
Kyanwar maƙwabta ta riga ta ci kurciya ɗaya, Allah ya isa ban ce ba amma na ji zafi.

Manomi_Jiratawa:
Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Ku da ke birni tsuntsu abin kallo ne a wurinku. Mu da muke kwana a gona mun san wani abu daban. Wanda jan baki ya taɓa sauka a gonar geronsa ba zai ajiye wa tsuntsu ruwa ba. Ka ga garke kamar hayaƙi, kafin ka ɗauko gwangwani ka buga sun bar maka zangarniya fanko. Yara ba sa zuwa lakkwal saboda kora. Yanzu ma da rani, marai da tsirya ba su bar mana komai a lambu ba. Sai a ce mu yi ta ɗaukar su hoto?

Malama_SVT:
Malam Manomi ba wanda zai musa maka ɓarnar jan baki, ana ma cewa duk duniya ba tsuntsun daji da ya kai shi yawa. Amma kar a yi musu kuɗin goro. Balbelar da ke bin bayanka in kana ban ruwa, me take tsinta? Fara da tsutsa. Shamuwa da za ta iso nan da wata biyu, abincinta fara. Ɗan siririn nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu da bakin kwalbatin ruwa, shi ma baƙo ne daga Turai, ƙwari kaɗai yake ci, ƙwayar hatsi ɗaya bai taɓa ɗauka maka ba. Duba shi da kyau a makon nan, cikinsa yana ƙara rawaya, alamar ya kusa tafiya.

Manomi_Jiratawa:
Wannan na san shi, hana-noma muke ce masa. Shi ba mu da rigima da shi. To amma wa zai yi wa jan baki wa'azi?

Ɗan_Maraɗi_a_Beljik:
Salamu alaikum ƴan gida, hirar nan ta sa ni kewa. Ni ina ɗaya bakin hanyar. Nan yanzu sanyi ya fara sassautawa, itatuwan da suka yi wata huɗu tsirara kamar an ƙone su sun fara tsiro, rana tana ƙara tsawo kullum. Wannan lokacin ne suke ji da shi, wai shigowar bazararsu, amma kar ku ji bazara ku zaci irin tamu, tasu sanyi-sanyi ce da yayyafi da furanni. Tun kafin asuba tsuntsaye ke ta da mutum da kuka. Maƙwabcina tsoho ne, ya rataye abincin tsuntsu a lambunsa, ya kafa musu ƴan akwatuna a jikin itace don su yi sheƙa, yana da littafi da yake rubuta ranar da ya fara ganin tsattsewa kowace shekara, ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Ranar Lahadi in ka je bakin tafkinsu sai ka ga dattawa jere cikin wata ƴar bukkar katako mai tagogi, kowa da madubi, shiru kamar ana jana'iza. Da na gaya masa agwagwar nan mai farin zane a garinmu ɗari-ɗari ake ganin ta, bai yarda ba. Su in sun ga biyu a wuri guda sai sun kira juna a waya. Ya ce mini, "tsuntsayenmu suna zuwa hutu wurinku." Na ce a'a Baba, namu ne suke zuwa haihuwa wurinku.

Mai_Shayi_Zariya:
Ka burge ni! Lissafi ma ya nuna. Oktoba zuwa Maris wata shida ke nan a wurinmu, ga tafiya da dawowa. Nawa ya rage musu can? Ƴan ci-rani ne kawai, gida nan ne.

Bakatsine_77:
A nan kuma ban bi ku ba. Gidan mutum inda aka binne cibiyarsa. Ɗan Maraɗin da ya shekara goma a Beljik ya zama ɗan Beljik? Masunci ya ce ko kakansa bai taɓa ganin ƙwanta ba. Wadda ba ta haihu a gidanka ba, ba ta yi kuka a gidanka ba, baƙuwa ce. Baƙo kuwa raɓa ne.

Mai_Shayi_Zariya:
Au, ɗazu ka ce ba ta zuwa Rasha, yanzu kuma kai ne lauyan Rasha?

Bakatsine_77:
Na ce in ma tana zuwa.

Malama_SVT:
In aka bi ma'aunin Bakatsine, shamuwa tamu ce ba gardama, don a kan itatuwan garuruwanmu take sheƙa, ta iso gab da damina, ta tafi bayan kaka. Amma ku sani ita ma tana da wasu mutanen a kudancin Afirka da gabashinta da ke ganin ta lokacin da mu muke cikin sanyi, su ma da ruwan sama take iso musu. Wataƙila can ma akwai mai cewa tasu ce.

Alaramma_Tibiri:
Allah ya yi muku albarka. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Kallon tsuntsu ba wasan banza ba ne in an yi shi da tunani, aya ta 19 a Suratul Mulk kiran mutane take su dubi tsuntsaye a samansu. Alhudahuda kuma kowa ya san labarinsa da Annabi Sulaimana a Suratun Namli. Akwai guda da ke sauka a filin makarantarmu da hantsi yana caccakar ƙasa, na hana almajirai harbinsa da danƙo. Sai dai a kula, kar a bi agwagwa a bar asuba.

Tsohon_Gandu:
Allah gafarta Malam, ai mai bin tsuntsu ya fi kowa sammako. Ni damuwata ba ta wane ne mai su ba ce, ta raguwarsu ce. Wanda ya kai shekara hamsin a zauren nan ya faɗa mini: yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta? Da muna yara ko korar su ba a iya yi. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar a Maraɗi zai iya rantsuwa bai taɓa ganin ta ba. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Guba da masu sayen kai da ƙafafunta don magani suka gama da ita. Gauraki ma haka, an kwashe su zuwa gidajen masu hali. Tafkin Madarunfa an shigar da shi yarjejeniyar Ramsar a 2019, wadda aka ƙulla tun 1971 a ƙasar Iran don kare wurare masu dausayi. Takarda ce mai kyau, amma takarda ba ta hana yashi cike tafki.

Masuncin_Tabki:
Wanga gaskiya ne Baba. Inda mahaihina ke sa gora ba ta taɓa ƙasa, yau yaro na tsayawa ruwa iya ƙugu. Kowace damina ruwa shina kawo yashi. Amma tsuntsu ni ban ce ya ragu ba, shekara ce. Shekarar da tabki ya cika suna da yawa, shekarar da bai cika ba su yi wani wuri. Bana jinjimi da zalɓe sun hi na bara.

Tsohon_Gandu:
Kai ka fi ni zama a wurin, ba zan ja da kai kan bana da bara ba. Shi ya sa ake ƙidaya a rubuta, don ido yana mantuwa. Kuma abin da ya same mu nan yana isa can. Bayan farin 1968, da bazarar 1969 ta zo, masu lura a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba da shi fiye da rabinsa bai komo ba. Da aka bi sawu, a nan Sahel suka mutu.

Injiniya_Dan_Gulbi:
Akwai labari mai daɗi dai a ciki, kar mu yi ta kuka. Ku dubi gonakin jihar nan yanzu da yadda suke a shekarun 1980. Sassaben zamani da aka faro a nan yankin Maraɗi, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya yake aiki da manoma, wato barin kututture ya tofo a gyara shi maimakon a tumɓuke, ya mayar da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Manomi don itacen girki da abincin dabba da taki ya yi, amma tsuntsu ya ci riba. Musamman gawo. Shi ne itacen da ke da ganye da fure lokacin da sauran suka bushe, ya zubar da damina. Ganye da fure kuwa su ke tara ƙwari, daidai lokacin da baƙin nan suke neman abin tara kitse. Wanda ke son ganin ƙananan masu zuwa daga Turai ya tsaya ƙarƙashin babban gawo da safe ya ɗaga kai. Ya gwada haka a ƙarƙashin bedi ya ga bambanci. Bedi inuwa ce da shi, amma ƙwari ba sa son sa, masu cin ƙwari ma haka. Mu kuwa duk titin birni shi muka jera.

Hajiya_Mai_Zogale:
Ɗana kar ka zagi bedi, a ƙarƙashinsa muka yi aure muka yi suna. Kuma in ƴaƴansa sun nuna tsuntsaye har faɗa suke a kai, ga jemagu da dare.

Injiniya_Dan_Gulbi:
Tuba nake Hajiya. Masu cin ƴaƴan itace suna son sa, gaskiyarku.

Kabu_Kabu_Mokoyo:
Shawara ɗaya ga masu shirin zuwa da manyan kyamarori. Zamanin nan ba na da ba ne. Na taɓa kai wani mai hoto bakin ruwa da dogon gilashi kamar bututu, ba mu yi minti goma ba aka kewaye mu ana tambayar wa ya aiko mu. Da ƙyar muka fita, sai da ya nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ku fara gaida mai gari ko manyan masunta, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku ɗauki ɗan gari ya raka ku. Kar a ɗauki mata masu wanki ko ɗiban ruwa. Kuma kar son tsuntsu ya ja kowa can kudu wajen daji da iyaka, kowa ya san halin da ake ciki. Bakin tafki ta gefen gari ya isa, a dawo da rana tsaka.

Masuncin_Tabki:
Wanda zai zo shi yi mini magana ta ciki tun da dare. In ba ni da aiki sai in shiga da shi cikin jirgi wajen bado, nan ne kazar ruwa mai dogayen yatsu take tahiya bisa ganye kamar ƙasa. Cikin jirgi tsuntsu bai cika tsoron mutum ba, sun saba da mu.

Ɗan_Bagalam:
Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Asabar na koma, ni da Yaya Mai_Hoto a kan babur ɗinsa, mun bar Maraɗi da duhu. Na sa tsohuwar rigar gona. Masunci ya cika alkawari, Allah ya saka. Mun zauna kusan awa ɗaya ƙafata har ta mutu. Agwagin suna nan amma ba su kai na wancan makon ba, na ƙirga arba'in da bakwai, Yaya ya ce sittin. Na ji ƙarar matajin da Malama ta faɗa, wallahi haka take. Ga hotuna uku ta cikin jumel. Na farko kan ya fita daga hoton, na biyu reshe ya tare, na ukun dai ga farin zanen nan kowa ya gani. Mun kuma ga wani baƙi da fari mai jajayen ƙafafu dogaye kamar tsinken tsintsiya, da wani mai tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa ya ɗauki kifi.

Mai_Shayi_Zariya:
Yanzu kam na ga agwagwa. Ƙuda ya girma.

Bakatsine_77:
Hoto ya yi kyau. Amma na ƙura ido a ƙafarta ban ga zobe ba.

Mai_Hoto_AliDanSofo:
Ƙafar tana cikin ruwa, Malam.

Malama_SVT:
Ɗan_Bagalam, rubuta 47 ɗin nan da kwanan wata a wani wuri, kar ka bar shi a waya kawai. In Masunci zai yarda ya riƙa gaya mana duk Juma'a ko suna nan, sai mu san ranar da suka tashi bana. Ina so in kawo ƴan ajina su goma kafin lokacin, in iyaye sun yarda kuma an samu mota.

Masuncin_Tabki:
Ku yi sauri dai Malama. Daren jiya iska ta fara busowa da ɗumi, kuma na ji su suna ta hayaniya har tsakar dare. Jirgina mutum huɗu yake ɗauka, yara goma sai an yi sawu uku.